Shagon kayan su da ba ya sayar da raga mai ƙaramin ido a Lagdo

Tambayar da ta fi zuwa mini daga 'yan'uwa na Garwa da Yola, waɗanda suke zuba kuɗi a jirgi su bar wa yara aikin ruwa, ita ce a ina nake sayen kalli, wato ragar da ake kafawa a ruwa kifi ya maƙale a idonta, kuma me ya sa nawa yake daɗewa. A kasuwar bakin ruwa ta Lagdo, a arewacin Kamaru, nake saye, a shagon wani dattijo da kowa ke ce wa Baba. Ba zan rubuta sunansa ba, don ba mutum ne mai son a riƙa yawo da sunansa a waya ba. Wanda ya iso kasuwar ya tambayi shagon da ba a sayar da raga 'yar yatsa biyu, wato mai ƙaramin ido, ko yaro mai tallan ruwa zai kai shi har ƙofa. Kayansa sun fi na maƙwabtansa tsada, bashinsa yana da sharaɗin da ban gamsu da shi ba, kuma akwai abubuwan da za ka nema ka rasa. Duk da haka can nake saye, can nake tura mutane, kuma dalilina ya wuce ƙarkon zare.

A nan aka haife ni. Mahaifina masunci ne daga wajen Yawuri, yana cikin waɗanda suka taho a shekarun farko bayan an datse Binuwai. A 1977 'yan Sin suka fara ginin madatsar, kimanin kilomita 50 kudu da Garwa, aka gama a 1982. Bangon kansa ba wani dogo ba ne, mita 308 tsakanin duwatsu biyu, tsayinsa mita 40, amma ruwan da ya taru a bayansa ya mamaye murabba'in kilomita 586. Don wutar lantarki da noman rani aka yi shi. Kifi kuwa kyauta ce ta biyo baya, kuma labarinta ne ya kwaso mutane: Musgum da Kotoko da Masa daga arewa, Hausawa da Jukunawa daga Najeriya, har da mutanen Mali. Baba yana cikin wannan zubin na farko. Ya yi su da hannunsa kafin gwiwa ta zaunar da shi a shago, shi ya sa in yana maganar raga ba maganar ɗan kasuwa kawai kake ji ba.

Shagon ɗaki ɗaya ne na kwano da rumfa a gaba. Ƙunshin raga a rataye tun daga rufi, nadin igiya a ƙasa, buhun darma kusa da sikeli, kwalayen ƙugiya a kan katako ɗaya. Ƙarƙashin rumfar akwai benci da tabarma inda masu ɗinkin raga biyu ke zama, su ma tsofaffin masunta ne. Da Hausa da Fulatanci ake ciniki, in Bakotoke ya zo a juya zuwa Larabcin Shuwa, Faransanci kuwa sai in an zo rubuta rasit.

Raga ita ce tushen cinikin, kuma a nan ya yi wa kowa nisa. Tafkin Lagdo ba ruwa ne mai shimfiɗaɗɗen ƙasa ba. Dajin da ruwa ya cinye a 1982 yana nan a ƙarƙashi, kututture da rassa a tsaye, ga duwatsu a wajen tsibirai. Raga mai rauni in ta kama reshe, ja ɗaya ne ta yage daga sama har ƙasa. Baba ba ya karɓar ƙunshi daga hannun mai kawo masa sai ya warware gefe ɗaya, ya saƙala ido ɗaya a babban yatsan ƙafarsa, ya ja da hannu biyu. Ba ƙarfin zaren yake dubawa ba, ƙullin yake dubawa. In ƙulli ya zame, ido ɗaya ya buɗe na kusa da shi ya tsuke, ƙunshin nan ya koma inda ya fito. Na sha ganin ya mayar da kaya mai kawowa yana rantsuwa yana magiya. Ragar da ta tsallake wannan gwajin ita ce ke yi mini kaka biyu, wani lokaci ta shiga ta uku da faci, alhali ta arha da ake shimfiɗawa a ƙasa ranar kasuwa ba ta kai ƙarshen sanyi. Bambancin kuɗin jaka biyu ne zuwa uku na sefa a kan ƙunshi. Araha ba ta ado.

Yana da ta roba, wadda kifi ba ya gani a ruwa, yana kuma da ta zaren nailan mai kauri. Ta roba ta fi kamu, kowa ya sani, kuma ba ya ɓoye maka. Amma zai tambaye ka inda za ka kafa. In ka ce wajen kututture ne, sai ya ce ka ɗauki ta zare, don ita ana iya kwance ta daga reshe a ɗinke, ta roba kuwa yanke ta za ka yi ka bar rabi a ruwa. Ƙugiyoyinsa na mamari, wato doguwar igiyar da ake jera wa ƙugiyoyi, ba sa miƙewa in babbar tarwaɗa ta ja, ba sa kuma saurin tsatsa. Igiya ba ta da abin faɗa, irin ta kowa ce. Kwalta da ƙusar gyaran jirgi akwai, sai dai kwaltar takan ƙare ta daɗe ba a kawo ba.

Masu ɗinkin nan biyu kuwa, su kaɗai sun isa dalilin zuwa. Ɗaura raga a igiya aiki ne da ake rainawa, kuma shi ke raba kalli mai kamu da wanda zai kwana a ruwa ya fito wayam. In an ja ta ta yi tauri, kifi ya buga ya koma. In an sake ta da yawa, ta nannaɗe ta kama shara. Su da kamu da taƙi suke awo, ba su da tef, su jera darma a ƙasa, soso a sama, kuma in ka ɗaga aikinsu a rana za ka ga idanun sun buɗe daidai tun daga wannan baki har wancan. Ana biyansu dabam, Baba ba ya cin komai a kuɗinsu.

Dokar shagon ita ce abin da ya sa na zauna rubutun nan. Mu da yatsu muke auna idon raga: yatsu nawa ne za su shiga ido ɗaya. A shagon Baba daga yatsa uku ake farawa, kuma ita ma 'yar ukun sai ya san wanda zai ba. Huɗu da biyar su ne cinikinsa, sai manya na giwan ruwa. Ƙasa da uku babu. Ba ya sayar da kayan haɗa taru, wato dogon jan nan da mutum goma ko fiye ke ja zuwa gaɓa. Gidan sauro ko maganin ƙwari na auduga kuwa, da wasu ke kama kifi da su, ko ambatonsu ba a yi a ƙofarsa.

Wata ranar kasuwa ina zaune a bencin ana ɗinka mini raga, wani saurayi ya zo, da ganinsa sabon jirgi ya samu. Ya gaisa da ladabi, ya ce 'yar yatsa biyu yake so, ƙunshi uku, kuɗi a hannu.

Baba ya ce, "Samari, me za ka kama da ita?"

Ya ce, "Ƙawara, Baba. Ita ai ba ta girma, haka Allah ya yi ta."

Baba bai musa ba. Ya aiki yaronsa wajen matan da ke gyaran kifi a bakin ruwa, ya ce a cika masa ƙwarya da ƙananan kifin da aka sauke da safe. Da aka kawo ya juye a kan buhu, ya ce wa saurayin ya ware masa ƙawara gefe ɗaya, sauran gefe ɗaya. Yaron ya durƙusa yana warewa. Ƙawara ta yi ɗan tsibi. Ɗaya tsibin ya ninka ta: 'ya'yan karfasa masu faɗin yatsa biyu, 'ya'yan kurungu da ƙayarsu ba ta yi ƙwari ba, sai wasu guda biyu masu ɗigo-ɗigo a jiki da ido mai ƙyalli. Baba ya ɗauki ɗaya ya ɗora a tafin hannunsa, bai cika tafin ba.

Ya ce, "Ka san wannan?"

Saurayin ya yi shiru, sannan ya ce, "Giwan ruwa ne."

"Mahaifin wannan da ke zaune," ya nuna ni, "mun taɓa ɗaga irinsa mu huɗu, da ƙyar muka sa shi a jirgi. Ragar da kake nema ba ta san ƙawara ba, ba ta san giwa ba. Ga shago can, ga wani can, duk suna da ita, ba zan hana ka zuwa ba. Amma in ka ɗauki 'yar huɗu a nan, ka biya rabi, sauran in ka fara kamu."

Saurayin ya ce zai yi shawara, ya tafi. A shagon gaba ya saya, muna kallonsa. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ɗauka kowa ke jin maganar Baba. Da yawa ba sa ji, kuma kuɗin da yake bari su wuce shi a shekara ba kaɗan ba ne.

Hujjar masu ƙaramin ido ba ta banza ba ce, kuma ni ba na zaginsu. Mutumin da ya kafa 'yar huɗu ya ɗaga ya tarar da kifi biyar, maƙwabcinsa ya cika daro da 'yan ƙanana ya sayar wa masu shanyawa, da me za ka lallashe shi ranar da babu gari a gida? Amma abin da ke faruwa a ruwa a bayyane yake. Da kifi ya ragu sai a rage ido, da aka rage ido sai a kama shi kafin ya yi ƙwai, baɗi ya ƙara raguwa a ƙara rage ido. A idona aka sauko daga biyar zuwa uku, daga uku zuwa biyu, yanzu har gidan sauron da aka raba wa mata masu ciki ake ɗinkawa a gindin taru. Karfasar da muke yara ake yanka ta gida uku kafin ta shiga tukunya, yau in ta cika tafin hannu sai a kira ta babba. Bargi ya yi wuya. Tsage ma sai an dace.

Taru ya fi komai ɓarna saboda wurin da ake jansa. Karfasa ba a tsakiyar tafki take haihuwa ba. Namijin ne ke share ɗan rami a yashi, a ruwa mara zurfi, macen ta zuba ƙwai, sannan ta kwashe su a bakinta ta riƙe, ba ta cin abinci har su ƙyanƙyashe, ko bayan nan ma in 'ya'yan suka tsorata bakin uwar suke komawa. Duk wanda ya taɓa gyaran kifi da damina ya gani: ka matsa kumatun karfasa ƙwai rawaya su zubo maka a hannu. Bargi shi kuma sheƙa yake yi zagayayya a cikin ciyawar da ruwa ya hau. Tarwaɗa tana bin sabon ruwa ta shiga ciyayi ta zuba. Duk a gefe ne, daidai inda gindin taru mai nauyin darma ke bi yana share ƙasa. Ja ɗaya ya kwashe uwa, ya rushe rami, ya tuge ciyawa.

Wannan ne ya sa ma'aikatar kiwo da kamun kifi take rufe tafkin daga 1 ga Yuli zuwa 30 ga Satumba, lokacin da ruwa ke hawa kifi ke haihuwa. Doka ce mai kyau, kuma duk masuncin kirki ya san amfaninta, don kamun makonnin farko na Oktoba shaida ne. Sai dai wata uku ba kamu abu ne mai nauyi ga gidan da ba shi da gona. Wanda yake da ɗan fili ya shuka masara ko gyaɗa, wanda ya samu shiga noman shinkafa a ƙasan madatsa wajen Gunugu ya rufa wa kansa asiri. Sauran fa? Su ne ake jin motsin filafilinsu da tsakar dare.

A nan Baba yake yin abin da ban ga wani mai shago yana yi ba. Daga ranar da aka rufe ruwa yake sauke ragarsa ya ɗaure a buhu, ba ya sayar da ko taƙi ɗaya sai tsakiyar Satumba, lokacin da mutane ke shirin buɗewa. A watannin nan shagon yakan koma na masara da gero da kayan gyaran jirgi. Abokan cinikinsa yana ba su hatsi bashi, buhu ko rabi, gwargwadon iyalin mutum, a biya bayan an buɗe ruwa, kuma a kan farashin ranar da aka ɗauka, ba ƙari. Sharaɗin farko shi ne jirginka ya kasance a kife a gaɓa inda kowa zai gan shi. In labari ya zo masa cewa an ga yaranka a ruwa da dare, ba zai kai ƙararka ko'ina ba, ba zai yi maka faɗa ba. Littafinsa kawai zai rufe a kanka, kuma ba ya sake buɗewa. Na san gidaje da dama da buhun nan ne ya hana su satar ruwa. A ganina wannan ya fi kama mutum a ƙona masa raga amfani, domin wanda aka ƙona wa raga da yunwa a gida, gobe 'yar arha mai ƙaramin ido zai je ya samo.

Sharaɗi na biyu shi ne wanda ban yarda da shi ba, kuma na faɗa masa a gabansa. Wanda ya ci bashin hatsi ko na raga, in an buɗe ruwa, sai ya sayar da kifinsa ta hannun wani dillali ɗan'uwan Baba har ya gama biya. Dillalin ba ya zalunci a fili, amma farashinsa kullum yana ƙasa kaɗan da na fataken da ke zuwa da ƙanƙara daga Garwa da Ngaundare, kuma a makonnin farko, lokacin da kifi ya fi yawa, wannan kaɗan ɗin ba kaɗan ba ne. Baba ya ce mini, "Ɗana, in ban yi haka ba, da wa zan bi bashin? Masunci yau yana nan, gobe yana tafkin Mbakawu ko na Maga." Gaskiya ne mutanenmu akwai tashi. Amma mutumin da ya shekara goma yana ciniki da kai, gidansa da 'ya'yansa a gabanka, bai kamata a ɗaure shi da igiya ɗaya da baƙon jiya ba. In bashi ba ƙari ne, to a bar shi ba ƙari ta kowace ƙofa.

Kuma littafin bashin nan ya fi buɗewa ga Hausawa. Ba na ce yana korar kowa ba, ciniki da kowa yake yi, fuska a sake. Amma Bamusgume ko Bamasa zai daɗe yana saye da kuɗi a hannu kafin a rubuta sunansa, alhali ɗan wani da Baba ya san kakansa a Yawuri ko Argungu rana ɗaya ya isa. Ruwan nan tare muke cinsa. In rabin masunta ne kawai ke da abin da zai riƙe su a watannin rufewa, ɗaya rabin zai shiga ruwa, kuma kifin da za su kwasa na kowa ne.

Sai darma. Yaron shagon yana da saurin hannu a kan sikeli, kuma ba sau ɗaya ba na auna a gida na ga kilo bai cika ba. Da na yi magana Baba ya cika mini ba gardama, ya kuma yi wa yaron faɗa, amma abin bai daina ba gaba ɗaya. Ka tsaya a kan sikelin da kanka, ko ka jira dattijon ya dawo daga masallaci. Kayan inji babu ko ɗaya: ba fulogi, ba farfela, ba man haɗi. Mai Yamaha sai ya nemi wani wuri. Rigar ceto yana da 'yan kaɗan, masu tsada, kuma na manya ne kawai, alhali yara ne suka fi yawa a cikin jirage, ga iskar da ke tashi a tafkin nan ba sallama, ga dorina a wasu lunguna. Na roƙe shi ya kawo ƙanana, har yanzu ban gani ba.

Akwai wani abu da yake yi wanda da farko mutane suka ɗauka wasa ne. Yana sayen yagaggiyar ragar roba da awo. Kuɗin ba yawa, amma ya isa ya sa yaro ya ɗauko ta maimakon ya wurgar. Dalilinsa shi ne roba ba ta ruɓewa. Guntun da aka yanke aka bari a kan kututture yana nan yana kamu, ba mai ɗagawa: kifi ya shiga ya mutu ya ruɓe, warinsa ya jawo wani, shi ma ya shiga. Da rani, in ruwa ya ja baya, je ka dubi itatuwan da suka fito, za ka gan su a naɗe da raga da ƙasusuwan kifi, wani lokaci da kunkuru ko tsuntsu. Abin da Baba ya tara, masu ɗinki suna cire darma da igiya mai sauran amfani, ragar kuma masu lambu da masu kaji suna saye su yi shinge. Yara har sun mai da abin sana'ar rani, suna bin gaɓa da wuƙa da buhu.

A bayan shagon yana ajiye wayar banda da katakon da aka riga aka yanka, na haɗa faifan da ake jerawa hawa-hawa a kan murhun laka, irin wanda aka fara yi a Gana. Matata ta koma irinsa. Wuta ɗaya tana gasa faifai da yawa a lokaci guda, hayaƙin da da yake tashi a banza yanzu sai ya ratsa kifi hawa bayan hawa, kuma itacen da take saye ya ragu sosai. Wayar Baba mai kauri ce, ba ta lotsawa a tsakiya, sai dai tana tsatsa in an bar ta a ruwan sama, a shafa mata mai a jingine a ɗaki.

Wani zai ce ina ruwan tafki da murhun banda. Itacen da ake ƙonawa daga gangaren da ke kewaye da ruwan ake saro shi. Ga masu gawayi, ga gonakin auduga da masara da suka gangaro har bakin ruwa, ga masu haƙar zinariya a wajen Mayo Rey. Ƙasar da ba itace ba ciyawa, ruwan sama na farko zai wanke ta ya kawo mana. Duk wanda ya daɗe a nan ya san wuraren da da gora ba ta taɓa ƙasa, yau jirgi na zama a kan laka tun watan Maris. Lakar nan tana binne yashin da karfasa ke haƙa rami, tana kuma cinye wurin da ruwa zai zauna. Injuna huɗu ne a madatsar, megawat 72 in suna aiki duka, kuma su ne ginshiƙin wutar Garwa da Marwa da Ngaundare. A 2021 da ruwa ya yi ƙasa, kowa ya ga yadda aka riƙa raba wuta unguwa-unguwa, mu kuma muka ji a jikinmu ta wajen ƙanƙara: ta yi tsada, ta yi wuya, ɗanyen kifi ya koma banda dole, banda kuma itace take ci. In damina ta yi ƙarfi kuma tafkin ya cika, sai an buɗe ƙofofi, kamar 2012 da 2022, ruwa ya bi Binuwai ya ci gonaki da gidaje har cikin Najeriya, inda madatsar Dasin Hausa da aka daɗe ana maganarta ba a gina ta ba har yau. Shago ɗaya ba zai gyara wannan ba. Faifan banda dai yana rage yawan itacen da ake sarewa, kuma shi ne abin da ke hannun matan bakin ruwa.

Abin da na daɗe ina faɗa wa shugabannin masunta a zamanmu shi ne, sintiri a kan ruwa mai faɗin Lagdo, da tsibirai da lunguna ba iyaka, ba zai taɓa isa ba. Jirage dubbai ne, amma masu sayar da raga ana iya ƙirga su, kuma kowa ya san shagunansu da hanyar da kayansu ke shigowa. Ragar da ba ta shigo kasuwa ba, ba za ta shiga ruwa ba. Da za a zauna da 'yan kasuwar nan a yi yarjejeniya ɗaya a kan ido, a kuma samu asusun hatsi na watannin rufewa wanda bai san ƙabila ba kuma bai ɗaure mutum ga dillali ba, da abin da Baba yake yi shi kaɗai yana asara ya zama tsarin kasuwa. Yanzu dai shi ke ɗaukar nauyin, maƙwabtansa na kwasar cinikin da ya ƙi.

Ga wanda zai zo daga nesa: daga Garwa hanyar Ngaundare za ka bi, ka ratse ta wajen Ngong. Kada ka zo neman raga tsakanin Yuli da farkon Satumba, ba za ka samu ba ko nawa ka riƙo. Mako biyun ƙarshe na Satumba ne lokacin, amma masu ɗinki layi ke yi musu yawa, gara ka aiko da saƙo tun da wuri a sa ka a jeri. Ka zo da sanin inda yaranka ke kafa raga da irin kifin da suke nema, don zai tambaya, kuma a kan amsarka zai zaɓa maka. In sabon jirgi ne, ka ɗauki 'yar huɗu ta zare ƙunshi biyu da mamari ɗaya, ka bar ta roba sai yaran sun san inda kututture yake. Kuɗin sefa yake karɓa, naira sai ka canza a kasuwa kafin ka iso, kuma ranar Juma'a daga hantsi shagon a rufe yake sai bayan la'asar.